Mai kafasita ce ta dace da zafinmu

Malam, ka tambaya ko ka sayi kyamarar mota mai batir, ko ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai kafasita (ƴar na'urar riƙe wuta da ake sa wa a madadin batir), tunda kullum kana hanyar Kano zuwa Kaduna. Ni dai shawarata, ɗauki mai kafasita. Ta farko da na saya mai batirin litiyam ce. Wata rana cikin Afrilu na bar mota a rana a bakin kasuwa, ina dawowa na tarar batirin ya kumbura har murfin ya tsage. Zafin cikin mota a rufe ya fi na waje nesa ba kusa ba, kafasita kuwa tana jure shi. Kyamarar Viofo A119 irin mai kafasitar ce.

Wajen kaifin hoto, kada rubutun 4K a kwali ya ruɗe ka, 1440p da ke ƙasa da shi ta wadatar. Abin dubawa shi ne ko tana kama lambar mota da daddare, don haka kalli bidiyon dare da aka ɗauka da ita kafin ka biya.

Katin memori kuma, nemi mai rubutun High Endurance, 64GB ko 128GB, domin kyamarar tana gogewa tana sake ɗauka ba hutu. Idan aljihu ya yarda, haɗa da kyamarar bayan mota.