Tambaya da Amsa: Sabon raket ɗina ya ƙi ni a ranar farko, shin kuskure na yi wajen saye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara uku ke nan ina buga tenis a Kano da raket mai nauyin giram 270 da faɗin kai na murabba'in inci 105. Kwanan nan na sayi sabo mai giram 305 da faɗin inci 98, an kuma ɗaura masa igiyar foliyesta. A ranar farko yawancin ƙwallayena sun riƙa faɗawa raga ko su tsaya a tsakiyar fili, bayan kamar awa ɗaya kuma gwiwar hannuna ta fara tsami. Shin in sayar da shi in koma wa tsohon ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka yi gaggawar sayar da shi, domin abin da ka ji a ranar farko hukuncin hannunka ne wanda ya saba da wani abu daban tsawon shekara uku, kuma ba a yanke wa raket hukunci da wasa ɗaya. Sai dai tsamin gwiwar hannun nan ba abin wasa ba ne, zan kuma dawo gare shi.

Ka riga ka sauya abubuwa uku a lokaci guda: nauyi, faɗin kai, da irin igiya. Nauyin da ake rubutawa a jikin raket yawanci na raket ne tsurarsa, ba tare da igiya ba, kuma igiyar kan ƙara kimanin giram 15, saboda haka abin da kake lilo da shi yanzu ya kai kimanin giram 320. Bambancin giram 35 ba ya da wani girma idan ka auna shi a tafin hannu a cikin shago, amma idan ka kaɗa shi sau ɗaruruwa cikin awa ɗaya, kafaɗa da wuyan hannu za su ba da labari. Abin da ke faruwa shi ne kan raket ɗin yana isa ga ƙwallo a makare da ɗan ƙanƙanin lokaci, ƙwallon sai ta daki gefen igiya maimakon cibiya, ga shi kuwa cibiyar kai mai inci 98 ta fi ta inci 105 ƙanƙanta. Na sha tsayawa a bayan ɗalibi a irin wannan rana ina sauraron ƙarar bugunsa: bugun cibiya yana fita da sauti mai kauri a dunƙule, na gefe kuwa sai ka ji wani "ƙwas" maras daɗi, ka kuma ga mariƙin ya ɗan murɗe a cikin hannunsa. Idan ka duba gashin ƙwallo da ya maƙale a jikin igiyarka bayan wasa, zai nuna maka daidai inda kake bugawa.

Ko manyan gwanaye ba su tsira daga wannan ba. Roger Federer ya yi shekaru yana wasa da raket mai faɗin inci 90. A shekarar 2013, bayan an fitar da shi a zagaye na biyu na gasar Wimbledon, ya gwada mai inci 98 a gasar Hamburg da ta Gstaad, abin bai yi masa daɗi ba, ya koma wa tsohonsa har ƙarshen kakar. Sai a 2014 ya zauna a kan mai inci 97, kuma da irinsa ne ya lashe gasar Australian Open da Wimbledon a 2017. Mutumin da tenis ce sana'arsa ya ɗauki watanni kafin hannunsa ya amince, balle mai zuwa fili sau biyu ko uku a mako.

A ganina, igiyar ce ta fi cancanta a fara tuhuma a matsalarka, ba jikin raket ɗin ba. Foliyesta igiya ce mai tauri wadda ta yi suna tun bayan da Gustavo Kuerten na Brazil ya lashe gasar Faransa da ita a 1997, kuma amfaninta yana fitowa ne ga mai kaɗa hannu da sauri sosai, wanda yake so ƙwallo ta juya ta sauka a cikin fili. Ga wanda bugunsa matsakaici ne, ba ta mayar wa ƙwallo ƙarfi kamar igiyar nailan, shi ya sa ƙwallayenka suke tsayawa a tsakiya, girgizar bugun kuma tana wucewa kai tsaye zuwa gwiwar hannu. Shawarata ita ce ka sa a yanke ta, ko da kuwa sabuwa ce, a ɗaura maka nailan ko igiya mai laushi mai zarurruka da yawa, a ja ta tsakanin kilo 22 zuwa 23. Ƙa'idar a nan sananniya ce: igiya mai ɗan sassauci tana tura ƙwallo nesa, tana kuma sauƙaƙa wa hannu, wadda aka ja da ƙarfi kuwa tana ba da iko a kan ƙwallo amma tana neman ƙarfi daga mai bugu. Kuɗin sabon ɗauri bai kai asarar da za ka yi ba idan ka sayar da raket ɗin a matsayin na hannu. Ka kuma daina barinsa a but ɗin mota da rana, domin zafin Kano a watan Afrilu yana kashe igiya tun ba ta tsinke ba.

Sai mariƙi. Ka riƙe shi yadda ka saba, ka gwada zura manunin ɗaya hannun tsakanin kan yatsunka da tudun tafinka. Idan babu wurin shiga, mariƙin ya yi maka siriri, kuma hakan yana sa mutum ya riƙa damƙe shi da ƙarfi ba tare da ya sani ba, wanda shi ma yana gajiyar da jijiyoyin da ke kama gwiwar hannu. Naɗi ɗaya na ƙyallen mariƙi yakan gyara wannan.

Bayan ka gyara waɗannan biyun, ka ba shi kamar zama shida zuwa takwas a fili kafin ka yanke shawara, kuma kada na farkon su zama wasan ƙirga maki, domin da zarar an fara ƙirge za ka taƙaita kaɗin hannunka don tsoron kuskure, kuma raket mai nauyi ba ya son rabin bugu. Ka fara daga kusa da raga a hankali na minti goma, sannan ka ja baya, ka riƙa mayar da raket baya da wuri fiye da yadda ka saba. Abin da nake so ka lura da shi ba ƙwallon da ta fi kyau a ranar ba ce, a'a, ka duba ƙwallayen da ka buga a takure ko bayan ka gaji, ka ga ko suna tsallake raga su yi zurfi. Ka kuma lura da lokacin da abokin wasanka ya turo ƙwallo mai ƙarfi, domin a nan ne raket mai nauyi yake nuna alherinsa, ba ya rawa a hannu kamar mara nauyi.

Game da gwiwar hannu, akwai bambanci tsakanin gajiyar tsoka da ke wucewa bayan kwana ɗaya da kuma zafi a kan ƙashin gefen waje na gwiwar, wanda kake ji idan ka ɗaga buta ko ka murɗa hannun ƙofa. Idan na biyun ne, ka ajiye raket ɗin ka huta, idan kuma ya wuce mako biyu bai lafa ba ka ga likita ko mai gashin ƙashi na asibiti. Idan har bayan sauya igiya da gyara mariƙi zafin yana dawowa duk lokacin da ka ɗauki sabon, amma ba ya zuwa da tsohon, to giram 305 ya yi maka yawa a yanzu, sai ka nemi mai giram 285 zuwa 290 da faɗin inci 100, ka kuma roƙi wani a filinku ya ara maka irinsa ka buga kwana biyu kafin ka biya kuɗi.