Tambaya da Amsa: Warin Gas a Ɗakin Girki

Tambaya: Malam, nakan ji warin gas a ɗakin girkina ko da murhun yana kashe. Mene ne ya kamata in yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, kada ki raina wannan wari, domin iskar gas ta girki ba ta da wari a asalinta; da gangan ake saka mata wani sinadari mai ɗoyi saboda a gane idan tana yoyo. Da zarar kin ji shi, ki rufe tukunyar gas ɗin, ki buɗe ƙofa da tagogi, kada ki ƙyasta ashana, kada kuma ki taɓa makunnin lantarki, ko da kashewa za ki yi, domin ɗan tartsatsin cikinsa ya isa ya tayar da gobara. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, saboda haka a ƙasa take taruwa.

Bayan warin ya washe, ki shafa ruwan sabulu a jikin tiyo da mahaɗarsa, sannan ki buɗe tukunyar. Inda kumfa ta riƙa tasowa, nan ne ɓarakar take. A ganina, ɗaure tsagaggen tiyo da leda ganganci ne. A kira ƙwararre ya sauya shi.