Journal zai ceci fayiloli na in disk ya kasa rubutu?

Malam, ka tambaya ko journal na ext4 (wato rajistar da ext4, tsarin ajiye fayiloli na Linux, ke fara rubuta canje-canje a ciki kafin ya aiwatar da su) zai tsare maka data in hard disk ya fara ƙin rubutu. Gaskiya a'a. Aikinsa shi ne in an ɗauke wuta ana tsaka da rubutu, da ka kunna sai ya maimaita abin da ya kammala shiga journal ya watsar da rabi da rabi, kuma a saitin data=ordered da ext4 ke zuwa da shi, metadata (bayanai game da fayil, kamar girmansa da inda yake a disk) kawai yake riƙewa, ba abin da ke cikin fayil ɗinka ba.

Amma in disk ɗin ne da kansa ya gaji, ai journal ɗin ma a kansa yake zaune. Na gani da idona a shagonmu nan Kasuwar Barci, kwamfutar da muke ajiye lissafi ta koma read-only (ana iya karantawa amma ba a iya rubutu) rana tsaka, dmesg (inda Linux ke nuna saƙonninsa) cike da I/O error (kuskuren karatu ko rubutu a disk), yaron shago ya yi ta rebooting har fayil biyu suka tafi, wallahi abin ya min ciwo. Ko masu manhajar database ta PostgreSQL a 2018 sun gano in fsync (umarnin da ke tabbatar da an rubuta data a disk) ya gaza, maimaita shi na iya cewa komai lafiya alhali data ta ɓace.

Don Allah in disk ya fara ƙin rubutu kar ka fara da fsck (manhajar gyara tsarin fayiloli). Duba lafiyar disk ɗin da smartctl, kwashe komai da ddrescue (manhajar kwafo data daga disk mai matsala) zuwa wani disk tukuna.