Soja Mai Aikin Dare da Burin Dafa Giya Bayan Ritaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni soja ne, shekarata 14 cikin kaki, saura kamar shida in ajiye aiki. Aikinmu na karɓa-karɓa ne, kwana biyu ina na rana, kwana biyu ina na dare, awa 12 kowanne, sannan a ba mu hutun kwana uku. Wani abokin aikina da ya riga ni fita ya buɗe ƙaramin wurin dafa giyar sha'ir, yana kuma samu. Ni ban taɓa shan giya ba, ba ni ma da niyya. Sai dai sana'ar ta shiga raina, har na biya kuɗin wani kwas ta intanet, na sayi tukwane, ina gwadawa a gida ranakun hutu. Burina in ƙware, daga baya in koma yin wadda ake cire wa barasa. Na kuma karanta cewa Imamu Abu Hanifa bai haramta wadda aka yi da sha'ir ba. Damuwata lokaci ne. Karatun a waya nake yin sa idan ina gadi da dare, idan na sauka kuma barci ya kwashe ni har azahar ta wuce, wani lokaci har da la'asar. Yaya zan raba lokacina tsakanin aiki da koyon sana'ar nan ba tare da na cuci addinina ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya tsare ka a bakin aikinka, ya sa ka ajiye kaki lafiya.

Rabon lokaci ka tambaya, zan kuwa zo kansa. Amma a tsakiyar saƙonka akwai kalma biyu da ka wuce da sauri, su suka tsayar da ni: "ina gwadawa". Ashe maganar ba ta shekara shida masu zuwa ba ce. Yanzu haka akwai wani abu a rufe a gidanka yana tsima, kai kana can bakin aiki.

Ka fi ni sanin yadda ake yin ta. A jiƙa sha'ir ya tsiro, a busar, a ɓarza, a zuba a ruwan zafi ya saki zaƙinsa, a tace, a tafasa da furen nan mai ɗaci, a bari ya huce. Har zuwa nan babu abin da ya haramta, ruwan zaƙi ne, ko yaro ya sha ba abin da zai same shi. Hukunci yana juyawa ne daidai lokacin da ka barbaɗa yis ka rufe murfi. Yis zai cinye sukarin ya mai da shi barasa da iska, cikin mako ɗaya ko biyu ka sami abin da yawanci yake ɗauke da barasa kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari. Wannan giya ce, yin ta da sayar da ita da cin kuɗinta haramun ne, ayoyin Suratul Ma'ida kuwa ba sai na karanto maka su ba. "Ni ba na sha" ba ta fitar da kai, domin cikin mutum goma da aka la'anta a kan giya mashayin ɗaya ne kawai, sauran taran su ne mai matsewa da mai ɗauka da mai sayarwa da ire-irensu. Kuma ɗan'uwana, kada ka ruɗi kanka: babu mai dafa giyar da yake ƙwarewa bai ɗanɗana ba. Idan kwas ɗin bai kai ka nan ba tukuna, zai kai ka.

Maganar Imamu Abu Hanifa ita nake son mu zauna a kanta, don na lura ita ce sandar da ka dogara.

Ba ƙarya aka yi masa gaba ɗaya ba. Shi da almajirinsa Abu Yusuf suna ganin kalmar khamru, wato giyar da Alƙur'ani ya haramta, a asalinta ɗanyen ruwan inabi ne da ya tsima, shi ne ko ɗigonsa ya haramta. Wanda aka yi da alkama ko sha'ir ko zuma kuwa sun yi rangwame a kan gwargwadon da ba ya bugarwa, da sharaɗin a sha don samun ƙarfin jiki, ba don nishaɗi da shagala ba. Fahimtar malaman Kufa ce da ya gada, mujtahidi ne, yana da ladan ijtihadinsa, ba ma taɓa darajarsa. Amma wanda ya rubuta maka abin da ka karanta rabin magana ya ba ka. Ɗaya babban almajirin nasa, Muhammad bin Hasan Ash-Shaibani, wanda ya rasu a shekara ta 189 bayan hijira, ya saɓa masa, ya ce duk abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa haramun ne. A kan maganar Muhammad ɗin malaman Hanafiyya na baya, irin su Ibnu Abidin, suka tsayar da fatawa. Wato ko ka je wa malamin Hanafiyya yau da tukwanenka, abin da zan faɗa maka shi zai faɗa maka. Malik da Shafi'i da Ahmad kuwa tun farko ba su bambanta inabi da sha'ir ba. Ibnu Abi Zaid ya taƙaita ta a Risala, ya ce duk abin shan da ya lulluɓe hankali ya bugar, khamru ne.

Dalili kuma yana tare da su ƙarara. Sayyidina Umar ya hau mimbari ya ce an saukar da haramcin giya alhali da abu biyar ake yin ta: inabi, dabino, zuma, alkama da sha'ir. Ga sha'ir ɗinka da sunansa, daga bakin Balarabe Baƙuraishe da aka saukar da ayar a gabansa, sahabbai suna zaune ba wanda ya musa. Anas bin Malik yana cikin shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha aka yi shelar haramci, abin da suke sha a ranar kuwa na dabino ne. Ba wanda ya ce a dakata a tambaya ko ayar ta inabi ce kaɗai. Zubarwa suka yi har ta kwarara a lungunan Madina. Abu Musa Al-Ash'ari da aka tura shi Yaman ya tambayi Annabi (SAW) kan abubuwan sha biyu na can, ɗaya na zuma, ɗaya mai suna mizru wanda ake yi da sha'ir, wato kakan abin da kake dafawa. Amsar da ya samu ita ce duk mai bugarwa haramun ne.

Sharaɗin "don samun ƙarfi" ma an kawo wa Annabi (SAW) shi da kansa. Dailam Al-Himyari ya ce masa ƙasarsu akwai tsananin sanyi, aikinsu mai wahala ne, suna yin wani abin sha da alkama don su ji ƙarfin aiki su jure sanyin. Tambaya ɗaya ya yi masa: yana bugarwa? Ya ce e. Ya ce to ku nisance shi. Uzurin da ya fi wannan kama da na soja mai kwana a waje ban san inda za a samo shi ba, amma ba a karɓa ba. Ƙofar "kaɗan" kuma hadisin Jabir, mai cewa abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa haramun ne, ya rufe ta, na Nana A'isha ya ƙara mata sakata: abin da babban ma'auni nasa ke bugarwa, cikin tafin hannu ma haramun ne. Abin da Annabi (SAW) yake sha, wanda masu ra'ayin Abu Hanifa suke kafa hujja da shi, zabibi ne da ake jiƙa masa a ruwa, ya sha ranar, ya sha washegari, zuwa yammacin rana ta uku idan ya ragu a bayar ko a zubar. Guje wa tsimar ake yi. Kai kuwa tsimar kake saye da kuɗi a cikin ƙunshin yis.

Mu ma ƙaddara ra'ayin ya tsaya da ƙafarsa. Mai sayar da giya ga jama'a wa ya ba shi ikon tsayar da mai saye a kofi na biyu? Wa ke sayen kwalba don ya ji ƙarfin aiki? Sannan ka tambayi kanka tsakani da Allah, ka taɓa bin Abu Hanifa a wata mas'ala kafin wannan, ko sai da tukwane suka shigo gida ka san da shi?

Saura wadda ake cire wa barasa. A nan sai an rarrabe, don hanyoyin yin ta ba ɗaya ba ne. Akwai wadda ake bari ta zama cikakkiyar giya, sannan a janye barasar da zafi ko da matata ta musamman. Malaman zamani sun yi magana kan shan irin wannan idan ba abin da ya rage a ciki mai bugarwa, amma kai ba mai sha ba ne, mai yi ne, kuma dole giya ta haihu a hannunka ka ajiye ta kafin ka cire komai. Abu Ɗalha ya tambayi Annabi (SAW) kan giyar da wasu marayu suka gada, ko ya mai da ita khal don dukiyarsu kada ta salwanta, aka ce masa a'a, ya zubar. Wannan fa giya ce da ta faɗo hannunsa ba da nemansa ba, dukiyar marayu kuma. Ina ga wanda zai ƙirƙire ta da gangan? Wannan hanyar ban halatta maka ita ba. Akwai kuma abin shan tsiron sha'ir da ba a barinsa ya tsima sam, ko ake tsayar da shi tun bai kai ko kusa da bugarwa ba, a ɗumama shi a kashe yis ɗin, a sa masa iska a ɗura a kwalba. Wannan halal ne yi da sayarwa. Ka dai sani cewa ƙasashe da yawa suna yarda a rubuta "babu barasa" a kan abin da bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, don haka rubutun kwalba ba shi ne ma'auninmu ba. Ma'auninmu shi ne mutum ya sha iya cikinsa bai bugu ba, kuma abin bai taɓa zama mai bugarwa a hannunka ba.

Abin da ke rufe a gida ka zubar da shi yau, kada ka ba wa kowa, Musulmi ko wanda ba Musulmi ba, ka tuba. Tukwanen ka wanke su ka ci gaba da amfani da su. Kwas ɗin ka nemi a mayar maka da abin da ya rage na kuɗinka ko a sauya maka wani, in sun ƙi ka bar musu. Ilimin kansa ba najasa ba ne. Louis Pasteur na Faransa binciken abin da ke lalata giya ne ya kai shi ga hanyar ɗumama abin sha a kashe ƙwayoyin cuta, wadda yau da ita ake adana madara. Tsabtar kayan aiki da awon zafi da ɗura kwalba da ka koya duk za su yi maka aiki a ruwan 'ya'yan itace da abin shan sha'ir marar tsima. Tunanin sana'a tun saura shekara shida kuwa na yaba maka, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma sojoji da yawa sai an miƙa musu takardar sallama suke fara tunani.

Karatu a waya lokacin gadi bai halatta ba, ko da kwas ɗin na halal ne. Awa 12 ɗin nan an saye su a hannunka, rayukan waɗanda suka kwanta saboda sun san kana tsaye suna wuyanka. Ka ma fi ni sanin cewa ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kallon waya sau ɗaya ya rushe wannan, haskenta kuma ya nuna wa na nesa inda kake. Idon da ya kwana yana gadi saboda Allah an yi masa alkawarin wuta ba za ta taɓa shi ba, kada ka sayar da wannan a kan darasin da zai jira ka har ranar hutu. Kwana uku kake da su. Na farko na barci ne da iyali, sauran biyun ka ware awa biyu ko uku da safe, shekara shida a haka ta ishe ka ƙwarewa a kowace sana'a.

Salla kuwa, wanda ya yi tanadin tashi barci ya rinjaye shi babu laifi a kansa, ya yi ta da zarar ya farka. A hanyar dawowa daga Khaibar Bilal aka sa ya tsare wa rundunar asuba, ya jingina da raƙumarsa barci ya sace shi, ba wanda ya farka sai da rana ta dake su, Annabi (SAW) bai tsananta masa ba. Amma wannan dare ɗaya ne, kuma an sa mai tsaro. Abin da ke maimaituwa duk mako ya tashi daga uzuri ya koma sakaci. Idan ka sauka da safe ka kwanta nan take, kana da awa shida ko bakwai kafin lokacin azahar ya ƙure, tunda yana kaiwa har inuwar abu ta yi daidai da tsawonsa. Ka sa ƙararrawa nesa da gado, ka sa iyalinka su tashe ka, ka yi azahar a ƙarshen lokacinta, ka ɗan jira la'asar ta shiga ka yi ta, sai ka koma in akwai sauran barci. Ina zargin ba nan take kake kwanciya ba, sai ka leƙa tukwane ka auna wannan ka duba wancan. Idan haka ne, zubar da su zai dawo maka da azahar ɗinka.

Abokin nan naka, ban ce ka yanke gaisuwa da shi ba, amma ka daina zuwa wurin sana'arsa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kada kuma ka sa kuɗin sallamarka a cikin jarinsa ko da ya yi maka tayin haɗin gwiwa, don mai hannun jari da mai juya tukunya hukuncinsu ɗaya. Ka kuma zauna da matarka ka gaya mata abin da ke cikin tukwanen nan in ba ta sani ba, ka shawarce ta kan sana'ar da za ku koma, tunda ita da yara ne za su ci daga cikinta. Wallahu a'alam.