Zane ko sassaƙa? Tambaya kan hotunan manyan limaman coci

Wata ɗaliba ta aiko da tambaya biyu. Ta ga tsofaffin hotunan kadina-kadinan Katolika na ƙarni na 17, waɗanda aka buga daga farantin ƙarfe, tana so ta san ko zane za a kira su ko sassaƙa. Sannan, karin maganar "labarin zuciya a tambayi fuska" ta hau kansu?

Malama, zane ne. Sassaƙa aikin masassaƙi ne, a rage itace har turmi ya fito. A nan kuwa tsinin ƙarfe ake sa wa farantin jan ƙarfe, a tsaga layuka, tawada ta kwanta a cikinsu, a danne takarda a kai. Zanen ƙwarya ya fi kusa da shi.

Karin maganar kuma rabi ta hau. Robert Nanteuil na Faransa, wanda ya rasu a 1678, gwanin fuska ne, kuma ya zana Kadina Mazarin, babban ministan Faransa, sau da dama. Amma mutanen zamanin tambarin da ke ƙasan hoton suke karantawa. Can za ki ga hula mai faɗin baki, igiyoyi na reto da tuntaye hagu da dama. Ja ta kadina ce, tun 1245 da Fafaroma Innocent na Huɗu ya ba su ita, kore kuma ta bishop. Yawan tuntaye kan nuna girman muƙami, ko da yake a lokacin ba a tsaurara ƙidayar ba.

To ina ja a hoton baƙi da fari? Wata dabara da ta yaɗu bayan littafin tambura na Petra Sancta, wani limamin Katolika Ba'italiye, na 1638 ce ta warware wannan: layuka a tsaye ja ne, a kwance shuɗi, ɗige-ɗige zinariya.

A tambarin Mazarin akwai taurari uku da damin sanduna da gatari a tsakiya, alamar iko tun daular Rum. Kada ki yi saurin cewa "tsintsiya maɗaurinki ɗaya". Tamu tsintsiyar zumunci take nufi, nasa damin kuwa na bulala da hukunci ne. Ya kuma dace da mai shi: Mazarin ya riƙe ragamar mulkin Faransa har mutuwarsa a 1661, kuma duk da jar hular, ba a taɓa naɗa shi fada, wato firist, ba.