Intel ko AMD don ofis a Birnin Kebbi?

Malam, ka tambaya wace furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ta fi ƙarko da tsaro ga kwamfutocin ofishinku, Intel ko AMD. In dai aikin buga takardu ne da lissafin albashi, Core i5 ta Intel ko Ryzen 5 ta AMD duk za su wadatar da ku.

A fannin tsaro babu wanda ya tsira. A 2018 aka bayyana wa duniya raunin Meltdown da Spectre, wato kafofin satar bayanai a cikin furosesa. Na farko ya fi shafar Intel, na biyun kuwa ya taɓa su duka. Maganinsu na zuwa ta sabunta Windows da BIOS (manhajar da ke tada kwamfuta), shi ya sa na fi damuwa da shekarun furosesa a kan sunan kamfaninta. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 sai da TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta) da Intel zubi na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. Yawancin tsofaffin kwamfutoci na hannu ba su kai nan ba, don Allah ku duba kafin ku biya.

Zafin Afrilu a nan yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga ɗaukewar wuta. Ku ware kuɗin UPS (na'urar riƙe wuta in an ɗauke), a riƙa share fankar kwamfuta.