Allurar Mai ta Fijo 504 Ta Daina Faɗin Gaskiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Fijo 504 haɗin Kaduna wadda na gada daga mahaifina. Kwanan nan allurar mai takan kwanta a ƙasa ko da na cika tanki, idan na faɗa rami kuma sai ta zabura ta koma. Makanike ya ce ma'aunin da ke cikin tanki ne ya mutu, wani mai sayar da kayan gyara kuma ya nuna mini sabo, ya ce kowace mota yana shiga. In saya in ɗaura? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifi. Shawarata ita ce kada ka saya tukuna, domin zaburar da allurar ke yi a rami ta fi kama da wayar da ta saki ko tsatsa a mahaɗa fiye da mutuwar ma'aunin kansa.

Ma'aunin nan ba shi da wani sirri. Ƙwallo ne marar nauyi da ke yawo a saman fetur, an ɗaure shi da siririn sandar ƙarfe, ƙarshen sandar kuma yana goga a kan wata nannaɗaɗɗiyar waya, ta yadda hawa da saukar mai ke canza yawan wutar da ke isa ga allura. Tun 1975 aka fara haɗa Fijo a Kakuri da ke Kaduna, saboda haka ba mamaki naka ya shekara talatin ko arba'in yana wannan gugar. Wayar takan cinye, ƙwallon yakan huje ya sha mai ya nutse, amma sau da yawa laifin na tsatsa ne da ta raba ma'aunin da jikin mota, wanda ta nan wutar ke komawa batir.

Ka sa mai gyaran wutar mota ya gwada a gabanka, a fili, bayan an tabbata babu warin fetur. Ya zare wayar da ke kan ma'aunin, a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, sannan ya taɓa ta da wankakken ƙarfe a jikin motar na daƙiƙa biyu ko uku kawai. Idan allura ta tafi ɗaya ƙarshen, to ita da wayarta lafiya suke, matsalar tana wajen tanki. Idan ba ta motsa ba, a koma ga fis da waya da agogon gaban direba, domin sabon ma'auni ba zai yi maganin komai ba. Ko da laifin na wajen tanki ne, a fara kankare tsatsa a ja sabuwar waya daga murfin ma'aunin zuwa jikin mota, a sake dubawa.

Zancen cewa yana shiga kowace mota kuwa, zancen kasuwa ne. Kowace allura da irin ma'aunin da aka yi ta dominsa, ana kuma auna wannan da om, wato awon yadda waya ke tauye wutar da ke bi ta cikinta. Tsofaffin motocin General Motors, daga na 1965, an yi su ne da om 0 idan tanki ya ƙare, 90 idan ya cika. Tsofaffin Ford akasin haka ne, 73 idan ya ƙare, 10 idan ya cika, yayin da ma'aunin kamfanin VDO da aka fi sani ke tashi daga 10 zuwa 180. Wanda ya haɗa allura da ma'aunin da ba nata ba zai iya ganin tanki cike alhali ya kusa ƙafewa. Tsawon sandar ma sai ya dace da zurfin tanki. Don haka a ciro tsohon, a auna om ɗinsa da mitar masu gyaran wuta, sandar tana sama da kuma tana ƙasa, ka riƙe shi a hannu zuwa kasuwar Panteka a Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano a kwatanta. Ni dai na fi yarda da na asali da aka ciro daga wata 504 aka gwada shi, a kan sabon da ba a san inda aka ƙera shi ba.

Wajen cirewa ne hatsarin yake. A cire kan batir na nagatif, a zuƙe mai zuwa jarka har ya yi ƙasa sosai, a nisanci sigari da janareta da masu walda. Tankin da babu mai a ciki ba abin sakin jiki ba ne, domin cike yake da tururin fetur, kuma shi ne ke fashewa. Idan zobe ne ya riƙe ma'aunin, a buga shi da katako ko tagulla, kada a sa ƙarfen da zai ba da tartsatsi. Da yake 504 mai kabureta famfon fetur ɗinta a jikin inji yake, ba cikin tanki ba, aikin ya fi na motocin zamani sauƙi.

Kafin a zura sabon, a haɗa wayoyinsa nesa da bakin tanki, a mayar da batir, a ɗaga sandar da hannu a ga allura tana binta, sannan a sake cire batir. A sa sabon gaskit, ban da gam ɗin silikon, domin fetur yana lalata shi har ɓarɓashinsa ya toshe tiyo. Bayan an ɗaure, ka riƙa zuba mai lita goma-goma kana lura da inda allura ke tsayawa. Idan da saɓani, a lanƙwasa sandar kaɗan, ta yadda allura za ta nuna mai ya ƙare alhali da sauran lita biyar ko shida a tanki.